Saƙon Talle Daga Ƙarshen Ruwa

A Kusiri, kusa da gadar Ngeli,
nake sayar da ƙanƙara.
Ina lulluɓe ta da buhu da garin katako,
amma kafin azahar
rabin jarina ya tsiyaye, ƙasa ta shanye.

Talle ƙanena, kuku ne a jirgin ruwa.
Jiya ya aiko murya ta waya,
iska na fizgar maganarsa:
"Yaya, abin da kake yanka wa mutane na sefa ɗari,
nan duwatsu ne guda, suna yawo a teku,
ba mai su, ba mai tayawa.

Mun tsaya a wani tsibiri can kudu.
Baƙin dutse ne, kansa fari fat.
Ba itace, ko aduwa ɗaya,
akwai dai ciyawa da ta koyi kwanciya
don iskar nan ba ta barin kowa tsaye.

Sai wasu tsuntsaye da suka ƙi tashi sama.
Baƙar riga, farin ciki, tafiyar tsohon alƙali,
dubu kan dubu, sun yi sahu a gaɓa
kamar ranar Idi, ba liman.
Uba ke ɗora ƙwai bisa ƙafafunsa
ya rufe da tumbi, ya tsaya, ya yi ta tsayuwa.

Akwai wata dabba, ta fi dorinar Logon ƙiba,
ba ƙafa, hancinta kamar guntun haɓar kada,
tana kwance tana gyatsa, ba ta san tsoron mutum ba.
Wani tsuntsun kuma, fukafukansa sun fi gaba guda,
kwana uku yana bin jirginmu
ban ga ya kaɗa su ba.

Alwala ce wahala, Yaya.
Ruwan na cizo.
Alƙibla kuwa ta koma arewa."

Na saurara har sau huɗu.
Zufa na bin bayana, ƙuda na bin buhu,
kogi ya janye, yara na tsallaka shi da ƙafa.

Wata yarinya ta miƙo hamsin.
Na sara mata, ɓallin ya faɗo a tafina.
Na riƙe shi, ban jefa a baki ba,
ina kallon ɗan tsibirin
yana ƙanƙancewa,
har ya gangara ta tsakanin yatsuna.