Larabar Malama Hansatu

Larabar farko ban ce uffan ba.
Na ƙirga ƙusoshin bencin asibitin Auyo,
sha bakwai ne, ɗaya ta lanƙwashe.
Malama Hansatu ba ta ce "yi haƙuri" ba,
kalmar da gari ya ɗura mini har na ƙoshi.
Ta rufe littafinta, ta turo mini ƙullin gyaɗa.

A ta uku na zo da yagaggiyar komar Baba.
Ta ce, "Koya mini ɗauri."
Hannun biro ne, ƙullinta sai warwarewa.
Na yi dariya, na tsorata da jin muryata.

A ta biyar ruwa ya shigo ɗakin.
Na ce mata kwalekwalen bai kife da ƙara ba,
a hankali ya kwanta, kamar saniya.
Hannun Ila santsi gare shi,
man ƙosan da muka ci a gaɓa.
Ni na sake shi, ko shi ya sake ni?

Ba ta amsa ba.
Ta ce, "Taka ƙasa, Mudansir. Me ka ji?"
Siminti.
"Jiƙaƙƙe?"
Busasshe.
"To, nan muke. Ja numfashi."

Har yau ba na bin hanyar gulbi.
Amma jiya na yi alwala ban runtse ido ba,
ruwan ya zurare ta yatsuna,
na bar shi ya tafi.

Laraba mai zuwa zan gaya mata.
Komar, saura huji uku.