Awon da Bai Cika Ba

Nepa ta ɗauke wuta a Gwammaja,
sai sama ta baje kayanta.
Na hau soro da tabarma da takardun jarrabawa,
ko ɗaya ban duba ba.

Bara'atu ce ta hana ni sukuni,
'yar aji shida, mai zama a bakin taga.
Ɗazu na zana musu garken taurari a allo,
na ce faifai ne mai juyawa,
na bakin gefe ya kamata su yi nawa,
amma gudu suke kamar adaidaita a titin Zariya,
kuma ba su watse ba.
Ta ce, "Malam, me ya riƙe su?"
Na ce wani abu ne da ido ba ya gani,
nauyinsa ya ninka na duk abin da muka sani sau biyar.
Ta ce, "An taɓa kama shi?"
Ƙararrawa ce ta cece ni.

Shekara talatin mahaifina ya yi yana yankan yadi a Kwari.
Yakan ce, in masu awo biyu suka saɓa a kan turmi ɗaya,
ko dai sandar ɗayansu ta gaza,
ko kuwa ba su san halin atamfar ba.
To, masana sun auna saurin buɗewar sama.
Masu bin sawun hasken farko sun ce sittin da bakwai,
masu bin taurari masu ƙyaftawa sun ce saba'in da uku.
Sun goge madubi, sun sake lissafi, sun sake,
giɓin na nan daram
kamar wushirya a bakin mai murmushi.

Ga Kaza da 'ya'yanta can saman Dala,
ba ruwansu da littafin da nake koyarwa.

Na tuna Tasi'u marini a Ƙofar Mata,
yadda yake tsoma hannu har gwiwa a baƙin ruwan baba.
Ba ya ganin komai a ciki,
nauyi kawai yake ji, ya ce zane na nan.
Shi dai yana ciro nasa.

Gobe zan ɗauki guntun alli
in rubuta "ba mu sani ba" da manyan baƙaƙe,
in hana kowa gogewa.

Janareton maƙwabcina ya yi tari, ya tashi.
Rabin taurarin sun ɓace.