Idon Taru

Ruwan Agusta ya sauko Galma tun daren jiya,
ja wur, kamar an dama jar ƙasa a ƙwarya.
Ya kwantar da masarar mutanen Dakace,
ya shafe dutsen da mata ke wanki.
Na iso da sassafe, takarda a aljihu,
hular ofis tana matse mini kai.

Takardar ta ce watannin nan na ƙwai ne,
a ɗaga wa ruwa ƙafa.
Ta ce idon taru in bai ci yatsu uku ba
a naɗe shi, a kai ofis.
Ta ce mai zuba gamalin, sai a gaban alƙali.
Ba ta ce me za a ɗora a murhu da dare ba.

Baba Jatau na gindin ɗorawa,
ƙafa ɗaya a laka, ɗaya a kan gora,
yana tsince ciyawa daga tarunsa.
Shi ya koya mini iyo a wannan mashigi,
ya tallafe haɓata da tafi ɗaya
ranar da na sha ruwa har ta hanci.
Bai ɗago ba. Ya ce,
"Ɗan Barau, yau da biro ka zo su?"

Na durƙusa na gaishe shi,
na sa hannu a tarun kamar mai taya shi tsinta.
Yatsa ɗaya ya shiga.
Na biyun ya tsaya a ƙofa.

A ƙwaryarsa 'yan karfasa ne, ba su kai ganyen goba ba,
da kurungu biyu masu gunaguni,
da tarwaɗa guda, cikinta ya yi tulu.

Ya ce, "Zamanin ubanka mun ja giwan ruwa a nan,
mutum biyu suka saɓa ta a sanda har Sabon Gari.
Sarkin ruwa in ya kafa kara a gaɓa
ba mai jiƙa ko ɗan yatsa sai kaka ta yi,
kuma ba shi da hula irin taka.
Yanzu ruwan da kansa warin maganin feshi yake.
Ba ni na rage wa taru ido ba, yaro.
Kifi ne ya ƙanƙance, taru ya bi shi."

A makaranta an koya mini akasin haka:
taru ne ya ƙanƙance, kifi ya bi shi.
Na buɗe baki, na ga tafin nan
da ya taɓa riƙe haɓata,
duk ya tsage, igiya ta ci shi.
Na haɗiye karatuna.

Ya ɗauki tarwaɗar, ya latsa cikinta a hankali,
ƙwai ya leƙo.
Ya daɗe yana kallo.
Sai ya sunkuya, ya buɗe hannu a cikin ruwa,
ta kaɗa wutsiya sau ɗaya, jan ruwan ya rufe.
"Ba don takardarka ba," in ji shi.
"Mai ciki ba a yanka ta, ko a garke."

Tarun kuwa na naɗe shi.
Shi ya riƙe mini ɗaya bakin,
ya nuna mini yadda ake yi kada dalma ta sarƙe.
Na rubuta rasit. Bai karɓa ba.
Na ɗaure tarun a bayan babur,
yana ɗiga tun daga gada har Tudun Wada.

Da dare Lantana ta kawo tuwo.
Miyar kuɓewa, ta ji daddawa,
da 'yan busassun kifi na ɗari biyu
da ta sayo a bakin kasuwa.
Na tsamo ɗaya, na ɗora a yatsana.
Bai kai gaɓa biyu ba.

Ta ce, "Lafiya?"
Na ce lafiya.
Na ci, har na nemi ƙari.