Laraba a Saman Titikaka

Ruwan baftisma ya daskare a kwano,
na fasa shi da bayan cokali
kafin Nicanor ya ja igiyar ƙararrawa.
A nan sama tana dab da kai,
iska kuwa marowaciya ce:
taki goma, huhu ya fara neman bashi.

Mutum bakwai a sujadar asuba,
da wani kare da bai taɓa fashi ba.
Na karanta Bishara da Aymara,
harshena yana tuntuɓe kamar jaki a tsakuwa.
Na yi nufin cewa su yafe wa juna,
ashe dankali na aike su tonowa.
Eleuteria ta toshe baki da mayafi,
kafaɗunta suka tona mata asiri.

Da hantsi, babur.
Man shafawa a aljihun ƙirji, gurasar jibi a wuya,
lama uku sun tare hanya suna hararata,
raƙuma marasa tozo, masu girman kan attajirai.
Gada ta karye tun bara,
na naɗe wando na tsallaka, ƙafafuna suka daina sanina.

Tsoho Fortunato yana kwance ƙarƙashin barguna biyar,
ganyen koka a kumatu.
Na shafa masa mai a goshi da tafin hannu,
na sunkuya in ji laifofinsa.
Sai ya riƙe mini wuyan hannu:
“Padre, kana nan kana rufe mana ido.
Can garinku, wa zai rufe na uwarka?”

Shekara tara ina karatun tauhidi,
ba a koya mini amsar wannan ba.
Na gyara masa bargo.

Da yamma, wasiƙar bishop tana neman lissafi,
rufin coci yana neman kwano shida,
safata a kan igiya ta bushe ƙam kamar kifi.
Waya ba ta kamawa sai a kan katangar maƙabarta.
Na hau.
“Ka ci abinci?” in ji Inna, daga wancan gefen teku.
Na ce na ci.
Ta yi tari, ta ce ba komai ba ne.

Na sauko na tarar da tukunya a bakin ƙofa,
miyar busasshen dankali, da sauran ɗuminta.
Ba suna.
Amma na gane ƙullin mayafin.

Gobe jana'iza ko baftisma,
Nicanor zai faɗa mini da irin bugun da ya yi.