Taku Biyu

Babana Sada ma'auni ne a 'Yar Kutungu,
shekara talatin da ɗoriya a rumfa ɗaya.
Gero, dawa, wake in kaka ta yi kyau.
Bai san biro ba. Ya san nauyin tiya.

In ya ɗebo sai ya bari ta yi tsororuwa,
ya ƙara da tafin hannu, ya ce wannan na Allah ne.
Na taɓa tambayarsa, ina ɗan aji uku:
Baba, ribar fa?
Ya kaɗe ƙaiƙayi daga gemunsa,
ya ce, Iro, ƙwayar da ka rage wa mai saye
ba rumbunka take zuwa ba,
wani wuri ake kai maka ita ajiya.

Ban gane ba. Na tafi makaranta.
Na karanta safiyo a Poli, na haddace kusurwoyi,
na iya kafa na'ura kan ƙafafunta uku,
in leƙa da ido ɗaya in yanka daji gida-gida.
Ranar da na kawo takardar ɗaukar aiki
ya riƙe ta a juye, ya shafa hatimin,
ya ce, to, kai ma ma'auni ka zama,
sai dai kai tiyarka igiya.

Shekara bakwai ban karkatar da turke ba.
Sai wata Laraba, a sababbin filayen bayan Ƙofar Ƙaura,
Alhaji Barmo ya ja ni inuwar darbejiya.
Ya ce taku biyu ne kawai, garejin ne ya matse,
maƙwabcin wani tela ne, yana can Jibiya,
bai san gabas da yamman filinsa ba.
Lokacin Uwani na kwance a asibiti da tsohon ciki,
likita ya rubuta, aljihu ya yi shiru.
Ambulan ɗin ba shi da wani nauyi a hannu.
Na cire turken. Ƙasar ma ba ta yi gardama ba,
ta yi laushi, an yi ruwa da safiya.

Taku biyu.
Uwani ta sauka lafiya, mun yi suna, an ci tuwo.
Telan ya dawo ya gina ɗaki biyu da zaure,
har ya aiko mani da jamfa ta godiya.
Tana ƙasan akwati. Ban taɓa sa ta ba.

Baba ya rasu bai ji labarin ba.
Da aka zo rabo ƙannena suka ɗauki buhuna,
ni na ɗauki tiyar, bakinta duk ya lotse.
Tana kan teburina a ofis, ina zuba biro ciki,
masu shigowa suna yi mata dariya.

Yanzu akwai wata ɗaliba, Shafa'atu, 'yar Rimi,
an turo ta koyon aiki na wata shida.
Ta fi ni lissafi, ta fi ni saurin kwamfuta.
Jiya a fili ta ce, Oga,
in an sami bambancin taku ɗaya ko biyu,
ai ba komai ko?
Na daɗe ina kallon igiyar a hannunta.
Na so in faɗa mata abin da littafi ya ce,
na so in jawo aya, in jawo karin magana.
Sai na ce, naɗe ta, shiga mota,
akwai wata katanga da zan nuna maki a hanya.

Muka tsaya. Telan na zaure yana taka keke.
Ya gan ni, ya miƙe, ya ce marhabin da Injiniya.
Na cire hula, na rasa ta inda zan fara,
ita tana bayana riƙe da littafin awo,
shi yana ta kakkaɓe mana tabarma,
yana kiran yaro ya kawo ruwa a ƙwarya.