Shafukan da Tabawa Ta Ƙunshe Kifi da Su

A kasuwar Yawuri na tsince shi,
tsakanin buhun albasa da tulin takalman gwanjo,
littafi ba bango, ba sunan mai shi.
Ɗangoje ya ce: kawo ɗari biyu ki ɗauka,
ko ɓera ya ƙi shi.

Da dare wuta ta ɗauke kamar kullum,
na kunna fitilar waya, sauro na yi mini guɗa.
A ciki akwai Ruwaida, Bafalasɗiniya,
mai gasa gurasa a wani gari mai ƙanƙara,
da Kalbin, Ba'amurke, direban motar asibiti,
kullum yana zuwa sayen abin da ya kasa furta sunansa.
Sau bakwai tana gyara masa harshe.
Na takwas ya faɗa daidai, ta ji haushi,
don ba sauran dalilin tsayar da shi.

Kakarta na rataye da mabuɗi a wuya,
na ƙofar da aka rushe tun uwarta ba ta zo duniya ba.
Shi kuwa takardar haraji ce a aljihunsa.
Ya biya, bai tambayi inda kuɗin suka sauka ba.
Ita ta san inda suka sauka,
ta san unguwar, ta san sunan yaron.

Ranar da ya kai goro
(a'a, su ba goro suke kaiwa ba,
ni ce na danƙa masa shi a hannu)
tsohuwar ta zuba masa gahawa, ba sukari,
ta ce: sha, mu gani ko ɗacinmu zai wuce maka.
Ya kai kofin baki.

Shi ke nan. Shafi na ɗari biyu da shida,
sai zare.

Da sassafe na koma wa Ɗangoje.
Ya nuna mini Tabawa mai suya a bakin ruwa,
ita ta yagi na baya ranar da jarida ta yanke mata.
Ashe ƙarshen soyayyarsu ya bi tarwaɗa da yaji,
wani ya ci, ya goge hannu, ya wurgar
ta tagar motar Kwantagora.

Na kai wa kakata Ige ƙara.
Ita a gungu aka haife ta,
gungun da ruwan dam ya haɗiye tana budurwa.
Ba ta da mabuɗi, ƙofarsu asabari ce.
Ɗan dutsen niƙa kaɗai ta fito da shi,
yana nan ƙarƙashin gado, bai sake ganin gero ba.

Ta ce: kada ki haɗa, ɗiyata.
Mu ruwa ya kore mu, ruwa bai riƙe bindiga ba.
Sai ta yi shiru, tana sosa goshi.
Amma kakanki, Badakkaren nan mai taurin kai,
da hannunsa ya kwaɓa simintin da ya tare kogin.
Shekara arba'in ina tuƙa masa tuwo.
Ban taɓa yafe masa ba,
ban kuma taɓa ci kafin ya dawo ba.

Na ce: to Kalbin ya shanye?
Ta ce: ke, shanyewa ai ba wuya,
ko yaro a toshe masa hanci zai haɗiye maɗaci.
Tambayi ko ya dawo washegari
ya sake miƙa kofin.

Yau ga ni da biro da littafin rubutun ƙanena.
Ban san ƙanƙara ba sai ta cikin firji,
ban taɓa zama a inuwar zaitun ba,
na san dai yadda jirgin kamun kifi ke ratsa saman garinsu Ige
mai tuƙi bai ko rage waƙa ba.
Na rubuta: ɗari biyu da bakwai.
Ruwaida na bakin ƙofa, gari a hannunta har gwiwa,
ba ta kallonsa, mabuɗin take kallo.
An ƙwanƙwasa.
Tsohuwar ta ɗora ruwa a wuta,
ba ta ce a buɗe ba tukuna.