Dutsen Tun Yana Laka

A hawa na uku, a wani ɗaki a Leeds
inda ruwan sama ke lasar taga tun safe,
muna da guntun tebur, da kujeru masu gajerun ƙafafu,
da madubin da ke gani ta fuska ɗaya.
Farfesa Whitlock na bayansa, biro a baki.
Ni ce a gabansa, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata.

An kawo Imogen, shekara huɗu da rabi,
jan takalmin roba, hanci na yoyo.
Na jera hotuna biyu kamar mai kasa goro.
Na ce, cikin mutum biyun nan akwai mai kaifin ƙwaƙwalwa, nuna mini.
Da Hausa nake tambayar, da harshe ya kusa tona ni,
don wani ko wata na laɓe a bakin kowace jimla.
Ta dubi wannan, ta dubi wancan,
ta ɗora yatsa a kan macen.
Me ya sa?
Don rigarta koriya ce.
Sannan ta tambaye ni ko suna da kare.

Bayan azahar sai ga Maisie, shekara shida.
Ba ta ko ja numfashi ba.
Yatsa ya sauka kan farin mutum mai tabarau
kamar tsuntsun da ya san reshensa.
Me ya sa?
Ta ɗaga kafaɗa. Haka dai.

Wata goma sha takwas ne tsakaninsu.
Cikin watannin nan wani ya shiga gidan,
bai bar sawu ba.

Iyaye kan sa hannu a takarda,
su rantse ba su taɓa faɗin haka ba.
Na yarda da su.
Hayaƙi ba ya sallama kafin ya kama tufa.
Yaro na ganin wa ake katsewa in yana magana,
wa ke goge bene in kowa ya tashi,
wa ya shigo bas aka matse jaka a ƙirji.
Yana tsintar su ɗaya bayan ɗaya
kamar kaza a gindin turmi.

Ran Laraba Tobias ya amsa tambayoyina tsaf,
ya karɓi ɗan tauraronsa na takarda,
ya ce, yaushe mai binciken zai zo?
Katin da ke wuyana na cewa Dakta Balaraba Tsiga.
Bai iya karatu ba tukuna,
amma ya riga ya karance ni.
Na rubuta amsarsa a layin da ya dace.
Hannuna bai yi rawa ba, sai daga baya.

An ce hali zanen dutse.
Ni a ɗakin nan na ga dutsen tun yana laka.

A bas ɗin komawa Harehills, goshina a jikin gilashi,
muryar kakata ta zo ta zauna kusa da ni.
Mutanen hayin rafi, ba a ba su ajiya.
Sau ɗaya ta faɗa, tana tsince shinkafa,
ba ma da ni take ba.
Shekarata biyar.
Ban taɓa ƙetare rafin ba,
amma har yau in an ambaci unguwar
sai in ji hannuna ya nemi bakin jakata.
Wannan ba ya cikin jadawalin da za mu buga.

A gida Mudassir na kwance rub da ciki a kan darduma.
An ce su zano likita.
Ya yi riga, ya yi abin sauraren ƙirji, ya yi manyan takalma.
Fuskar ce ta rage, da gashin kai.
Umma, miƙo mini kala.
Wacce?
Bai ɗago ba, yana tunani.
Na buɗe akwatin gaba ɗaya na ajiye a gabansa,
na ciji leɓena,
na mai da idona kan taga.